Idan ƙashi ya yi giɓi, me ya rage kafin a kai ga yanke ƙafa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku saboda wata magana da ta zama ruwan dare a bakin asibiti da tashoshin kabu-kabu a nan Damagaram, wai idan haɗari ko ciwo ya cinye wani yanki na ƙashin ƙafa, to saura yankewa kawai. Wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin ana dasa ƙashi a ƙasashen waje, sai suka ɗauka abu ne kamar canjin tayar babur, a kwance tsohuwa a ɗaura sabuwa. Duka biyun da gyara. Mu ma'aikatan lafiya ne masu aikin ƙashi, kuma muna son masu karatu su san yadda wannan aiki yake, inda yake amfani, da abubuwan da ke rusa shi.

Ƙashin da ya fi shiga wannan hali shi ne na ƙwauri, domin gabansa fata ce kawai ta rufe shi. Idan babur ya yi karo, ƙashin ya farfashe ya huda fata, duk guntun da ya rabu da namansa ya mutu ke nan, dole a fitar da shi, in ba haka ba ya zama gidan mugunya. Daga nan giɓi ke farawa. Hanya ta biyu ta fi yawa ga yara: zazzaɓi mai zafi da ciwo a ƙwauri ko cinya, a yi ta maganin zazzaɓin sauro ko a ce sanyin ƙashi ne, alhali ƙwayar cuta ce ta shiga ɓargo. Mugunya ta taru, ta ɗage tantanin da ke lulluɓe da ƙashi wanda shi ke ciyar da shi, sai sandar ƙashin ta mutu a ciki, wani ɗan rami ya buɗe a fata yana tsiyaya shekara da shekaru. Yara masu amosanin jini, wanda aka fi sani da emasi, sun fi kowa shiga wannan haɗari. Sauran su ne harbin bindiga da ciwon daji na ƙashi, inda likita da kansa ke yanke yanki mai tsawo don ya tsere wa cutar.

Ƙaramin giɓi ba shi da wuyar sha'ani. Ana kankaro ƙashi mai soso daga ƙugun mutum a cusa a wurin, ya haɗe. Sai dai wannan ƙashi da aka ɗebo ba shi da jijiyarsa, yawancin ƙwayoyin halittarsa mutuwa suke yi, abin da ya rage tsani ne kawai da jini zai bi a hankali daga gefuna yana rushe tsoho yana gina sabo. Muddin giɓin bai wuce santimita 5 zuwa 6 ba, kuma naman da ke kewaye lafiyayye ne, jinin yakan cim ma tsakiya. Da zarar ya wuce haka, ko wurin ya zama tabo mai tauri saboda tsohon ciwo, tsakiyar takan zauna babu jini, ta narke ko ta karye, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba ya isa gare ta tunda jini ne ke kai shi. Masu garka a Mirya sun san wannan bambanci ba sai an faɗa musu ba: reshen da aka saro aka kafa daban, dashen da aka tono da saiwarsa da ƙasarsa daban.

Dashen ƙashi mai rai shi ne a ɗauko ƙashi tare da jijiyar da ke kai masa jini da waɗanda ke mayarwa, a kai shi inda giɓin yake, a ɗinke jijiyoyin nan da na wurin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A 1975 Ian Taylor da abokan aikinsa a Melbon ta ƙasar Ostareliya suka ba da rahoton yin haka da siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri ta waje, wanda ake kira fibula, likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci kuma suke cewa perone. Har yau shi ne aka fi ɗauka, da dalili. Miƙaƙƙe ne, mai ƙarfi, a babban mutum ana iya samun kusan santimita 25 daga gare shi, kuma nauyin jiki da yake ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin shida ba, don haka ƙafar da aka cire shi tana ci gaba da tafiya. Jijiyarsa tana bin bayansa tsawonsa duka, kaurinta wajen milimita 2, da jijiyoyin mayarwa biyu suna rakiyarta. Akwai wasu wuraren ɗauka, kamar bakin ƙashin ƙugu da ɗan ɓallen ƙashi daga cikin gwiwa don ƙananan wurare irin wuyan hannu, amma na ƙugu lanƙwasasshe ne kuma gajere, bai dace da dogon giɓi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a taɓa fibula sai wurin da za a dasa ya tsarkaka daga ciwo: a yanke mataccen ƙashi da nama har sai bakin ƙashin ya fara fitar da ɗigo-ɗigon jini kamar an barbaɗa jan barkono, a ɗebi samfuri da yawa daga can ciki a kai ɗakin gwaji, domin mugunyar bakin rami tana yaudara, sannan a ba da maganin da ya dace da ƙwayar, sau da yawa na mako 6. Wani lokaci wankin nan sai an maimaita shi sau biyu ko uku. Sai a duba ƙafar da za a ɗauki fibular daga gare ta. Jijiya uku ke kai jini ƙasan gwiwa, kuma akwai ƴan tsirarun mutane da Allah ya halitta jijiyar fibula ce babbar mai ciyar da tafin ƙafarsu. Wanda ya cire ta a irin wannan mutum ya kashe lafiyayyar ƙafa garin gyaran mai ciwo. Shi ya sa ake taɓa bugun jini a bayan idon sawu da saman ƙafa, a saurara da na'urar Doppler, in akwai shakka a ɗauki hoton jijiyoyi da sikana. Mai shan sigari ko shisha sai ya bari aƙalla mako 4 kafin aiki, domin nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyi yana hana ƙashi haɗuwa. Mai ciwon suga sai sugansa ya daidaita. Mai ƙarancin jini ko rama sai an gina shi da abinci. Mai emasi kuwa sai an yi shawara mai zurfi, saboda jininsa na saurin toshe ƙaramar jijiya idan ya ji sanyi ko ruwan jikinsa ya yi ƙasa, kuma akan yi masa ƙarin jini ko musanyarsa tukuna.

Ranar aiki ƙungiya biyu ke tsayawa, ɗaya a wurin giɓi, ɗaya a ƙafar da za a ɗauka, kuma duk da haka akan kwashe awa 6 zuwa 10. Masu wurin giɓi suna auna tsawonsa, su nemo jijiyoyin da za a jona. A nan ake yin kuskuren da ya fi tsada: jijiyar da ke cikin yankin rauni, ko da ta yi kyau a ido, bangonta ya yi tauri, tana saurin tsukewa da daskarar da jini. Dole a hau sama har inda take da laushi, a yanke a ga jini ya yi tsartuwa da ƙarfi. Idan tazarar ta yi yawa, a ɗauko guntun jijiyar mayarwa daga cikin ƙafa a yi gada da ita.

Masu ɗaukar fibula suna ɗaure cinya da abin tsayar da jini, wanda ba a barinsa ya wuce awa 2 a jere, su tsaga ta gefen ƙafa na waje. Ana barin aƙalla santimita 6 na ƙashin a ƙasa don idon sawu ya tsaya daram, a bar kamar haka a sama domin jijiyar motsi da ke zagaye wuyan fibula, wadda in aka ji mata ciwo mutum ba zai ƙara ɗaga tafin ƙafarsa ba, sai ya riƙa jan ta. Ana barin ɗan siririn nama a jikin ƙashin don kada a yage tantaninsa, a yanke shi sama da ƙasa da zarton waya, a ɗaure jijiyar ta ƙasa, a bi ta sama har inda ta rabu da uwarta. Tsawon da ake yankowa yana ɗara giɓin da santimita 4 ko 5, saboda a cusa kowane kai cikin ramin ɓargo. Sai a kwance ɗaurin cinya a tsaya a kalli ƙashin yana zubar da jini daga bakinsa alhali yana rataye da jijiyarsa kaɗai. Sai an ga haka ake tsinke ta, kuma daga wannan minti agogo ya fara gudu.

Ƙashi ake fara kafewa kafin a taɓa jijiya, domin jijjigar huda da ɗaure sukurori za ta yage ɗinkin da aka riga aka yi. Ana amfani da doguwar farantin ƙarfe da ta tsallake giɓin, ko ƙarfen waje mai sanduna da ake kafawa cikin ƙashi ta saman fata, da sukurori kaɗan a jikin fibular, nesa da gefen da jijiya take. Sannan likita ya zauna ga madubi. Zaren da ake ɗinkin da shi, mai lamba 8-0 ko 9-0, ya fi gashin kai siranta. Dukawan Zinder da aka san su da ƙaramin ɗinki za su jinjina masa. Ɗinki 8 zuwa 10 ke zagaye jijiya mai kaurin tsinken ashana. Ana share tantanin bayan jijiyar daga bakin, don in silinsa ɗaya ya faɗa ciki jini zai daskare a kansa. Ana wanke ciki da ruwan gishiri mai heparin, maganin hana jini daskarewa. Abubuwan da ke toshe ta sanannu ne: allura ta kamo bangon baya ba a lura ba, jijiyar ta murɗe, ta yi gajarta ana ja da ita, ko ta yi tsawo ta lanƙwashe, ko jini ya taru a ƙarƙashin fata ya danne ta. A ƙwauri an fi son a jona ta a gefen babbar jijiya maimakon a yanke babbar gaba ɗaya, musamman idan ita kaɗai ta rage wa ƙafar.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, nasarar aikin tana hannun ma'aikatan jinya na dare kamar yadda take hannun mai fiɗa. Ƙashi a binne yake, ba a ganinsa, shi ya sa ake ɗauko shi da ɗan tsibirin fata mai shan jini daga jijiya ɗaya da shi, a ɗinke a waje ya zama taga. Yawancin toshewa tana faruwa cikin kwana 2 zuwa 3 na farko, kuma jijiyar mayarwa ta fi yawan toshewa. Saboda haka duk awa ɗaya sai an duba, dare da rana. Littattafan Turai suna cewa a duba ko fatar ta yi fari ko shuɗi, amma a baƙar fata wannan alama takan makara, kafin ido ya gane an yi nisa. Abin dogaro a wurinmu shi ne taɓawa da tsira allura. Fatar ta kasance da ɗumi da laushi, a tsira ƙaramar allura, jan jini ya fito bayan ɗan jim, to lafiya. Idan ta kumbura ta yi tauri tana sheƙi, jini baƙi-baƙi ya fito nan take, hanyar mayarwa ta toshe. Idan ta yi sanyi ta yamutse, an tsira babu ko ɗigo, mai kawowa ce ta toshe. Ko wanne ne, komawa ɗakin fiɗa ake yi cikin awa ɗaya ko biyu, ba a jiran gari ya waye. Yanayinmu ma yana da nasa hannu: sanyin hunturu yana tsuke jijiya, don haka a rufe maras lafiya a kashe fanka a kansa, zafin bazara kuma yana ƙafar da ruwan jiki jini ya yi kauri, don haka a auna fitsari, kada ya gaza rabin mililita kan kowane kilo na nauyinsa a awa. Bandeji mai tsauri ɗaya da ɗan'uwa mai tausayi ya ƙara ɗaurewa ya isa ya ɓata aikin awa 8.

Ko an tsallake wannan, da sauran tafiya. Kawunan ƙashin sukan haɗe cikin wata 4 zuwa 6, amma fibula kaurinta bai fi ɗan yatsa ba, an ce ta maye gurbin ƙwauri. Da yake tana da rai, takan yi kauri a hankali gwargwadon nauyin da ake ɗora mata, cikin shekara ɗaya zuwa biyu, yara sun fi sauri. A tsakanin nan tsagewa ta fi yawa, musamman a shekarar farko lokacin da mutum ya ji sauƙi ya jefar da sanduna ya koma gona ko kan babur. Abin daɗin shi ne tana haɗewa da filasta kamar kowane rayayyen ƙashi, har ma ta fi da kauri. A cinya akan karya fibular biyu ba tare da tsinke jijiyarta ba, a jera su kamar bakin bindiga mai baki biyu. A sangalin hannu kuwa girmanta ya yi daidai, nan ta fi ba da sakamako mai kyau. Ƙafar da aka ɗauka ita ma tana da nata ƙorafi: babban yatsa kan lanƙwashe idan ba a motsa shi da wuri ba, idon sawu kan yi ciwo, a yara masu girma kuma yakan karkace waje sai in an haɗe guntun ƙasan da ƙwauri.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Asibitin da ba shi da madubi, da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar ɗinki ba, da jini a ajiye, da ma'aikacin da zai duba kowace awa, da ɗakin fiɗa mai buɗewa ƙarfe uku na dare, bai kamata ya fara wannan aiki ba. Amma hakan ba ya nufin saura wuƙa. Tun 1905 Thomas Huntington a Amurka ya bayyana yadda ake matso fibular ƙafar nan mai ciwo zuwa gurbin ƙwauri tana manne da jijiyarta, babu tsinkewa balle ɗinkin madubi, kuma ga yaran da ciwon ɓargo ya cinye wa ƙwauri wannan hanya tana da amfani ƙwarai. Alain Masquelet na Faransa ya fito da hanya mai zango biyu: a cike giɓin da simintin ƙashi, jiki ya gina wani tantani mai yalwar jini a kewayensa, bayan mako 6 zuwa 8 a tsaga tantanin a hankali, a fitar da simintin, a cika jakar da ƙashi mai soso. Matsalarta ita ce ƙugu ba ya ba da ƙashi mai yawa. Sai hanyar Gavriil Ilizarov na garin Kurgan a Rasha, inda ake yanke ƙashin a wuri mai lafiya, a jira kamar mako ɗaya, a riƙa jan guntun milimita 1 a rana, kashi huɗu, sabon ƙashi yana tsirowa a bayansa. Giɓin santimita 10 kwana 100 ke nan na ja kawai, kafin jiran ya yi ƙwari, wanda ya fi haka tsawo. Mutum zai kusan shekara da ƙarfe a ƙafa, yana wanke bakin kowace waya da ruwan da aka tafasa ya huce. A garin da ake sayen ruwa a jarka, wannan ma abin lissafi ne tun kafin a fara.

Kuma kada a ɗauka muna cewa kowace ƙafa ake cetowa. Wadda ta niƙe har tafin ƙafa, ko ta wuce awa 6 babu jini, ko ciwonta ya fara shiga jinin mutum yana neman ransa, ko ta dattijo mai suga da jijiyoyinsa suka ƙafe, yanke ta da wuri a sa ƙafar roba mai kyau ya fi shekara biyu na fiɗa bayan fiɗa da sayar da gona da bisashe. Likitan kirki zai faɗa wa iyali wannan ƙiri-ƙiri.

Yawancin giɓin da ake fama da su, a kwanakin farko aka haife su. Karayar da ta huda fata, a rufe ta da tsumma mai tsabta, a tallafe ta da katako ba tare da matsewa ba, kada a tura ƙashin ciki, kada a zuba toka ko man birki ko garin magani, a nufi asibiti. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ana son ta shiga cikin awar farko, tare da ta tetanus, a wanke a yanke mataccen nama cikin yinin nan, a kafa ƙarfen waje. Marko Godina, likitan tsohuwar Yugoslabiya, ya nuna a 1986 cewa rufe irin wannan rauni da lafiyayyen nama cikin awa 72 ya fi jinkiri nasara nesa ba kusa ba. Naman sha-raɓa da ke nan kusa ana iya juyo shi a rufe saman ƙwauri da tsakiyarsa ba tare da madubi ba. Maɗoranmu na gargajiya muna girmama su, kuma roƙonmu gare su guda biyu ne: karayar da ke da rauni a buɗe su turo ta asibiti ranar, kuma idan bayan ɗauri ciwo ya tsananta fiye da kima, yatsu suka kumbura suka yi sanyi ko suka mutu, a kwance karan nan take, domin naman da aka shaƙe awa 6 ba ya dawowa.

Ga hukumomin lafiya na jiha kuma, mai rauni daga Tanut ko Gure ko Magarya ya riga ya sha hanya kafin ya iso Zinder, Yamai kuma kusan kilomita 900 ce daga nan. Abin da zai fi rage giɓin ƙashi shi ne asibitocin gundumomi su samu ƙarafan waje da horon wanke rauni da juyo nama, a kuma buɗe rajista guda ta karayar da ta huda fata domin a san yawanta da inda take fitowa. Ɗinkin madubi kuwa hannu ne ake horarwa, kuma farkonsa ba ya buƙatar dukiya: jijiyar cinyar kaza kaurinta ya yi kusa da wadda ake jonawa a mutum, a kanta ake koyo a wurare da dama na duniya. Tebur ɗaya, madubi ɗaya, kayan aiki saiti biyu da zare a sashen koyon likitanci na Jami'ar André Salifou sun isa ɗalibai da matasan likitoci su fara.

Mun gode da fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya masu aikin ƙashi,
Zinder, Damagaram.